Tautau Mai Sunan Matarsa

Mai Kwalabe ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan a ɗakin adana ƙwari: ya jera kwalabe, ya canza musu ruwan magani. Ba ruwansa da su malam-buɗe-littafi 'yan kwalliya. Hankalinsa na kan wani dangin manyan tautau masu gashi, waɗanda in an tsokane su sai su goga gashin gefen bakinsu, su yi huci kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi.

A gindin wani dutse ya taɓa kamo ɗaya, ya rantse hucinsa ya fi na 'yan'uwansa kauri. Masana suka duba, suka yarda jinsi ne daban, suka bar masa zaɓen suna. Ya sa na matarsa.

"Wato duk halittun Allah, gizo-gizo ka ga ya dace da ni?" in ji ta.

Ta yi fushinta ta gama, daga baya har baƙi take ba labari. Da ta rasu, sunan ne ya rage masa.

To, masana ba sa barin abu ya kwanta. Bana suka sake yi wa dangin tankaɗe da rairaya, suka ce nasa ba wani sabo ba ne, tsohon da aka sani ne, kuma a ƙa'idarsu sunan farko shi ke ci. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya so ya nuna musu bambancin hucin, amma na cikin kwalba matacce ne, ba ya huci, dutsen kuma an fasa shi an yi tsakuwa. Ya sha yawo da ciwon baya yana leƙen ramuka kafin ya samu mai rai.

Ya kira 'yarsa ɗakin aikin, ya ajiye tautau ɗin kusa da wani na tsohon jinsin, ya taɓa kowanne da tsinke. Ya ga sun ɗaga ƙafafu suna goga baki, amma bai ji komai ba. Kunnen ya daɗe da tafiya, shi ne dai bai yarda ba.

"Ke, wanne ya fi kauri?"

Ta kasa kunne, ta ce ya sake. Ya sake.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi duk ɗaya nake ji."

 Sai ya miƙa mata kwalbar mai ɗauke da sunan mahaifiyarta, ya ce ta ɓare takardar sunan.