Taken Tayar Baya

Bashno Haag ɗan kawuna ne, kuma na fi shekara arba'in ina zaune a bayansa da jita ina riƙe masa kiɗa, shi yana gaba da goge yana shan tafi. Fuskarsa ta masu kallo ce, ni ƙeya ce rabona. Na san ta tun gashinta yana baƙi wuluk, na kuma san shekarar da ya fara shafa mata baƙin shuni yana ce mana man gashi ne.

A cikin keken doki aka haife shi, a gefen hanyar Haguenau, jim kaɗan bayan yaƙin duniya. Kawu saƙar kwando yake yi da rana, da yamma ya ɗauki goge. Bashno yana ɗan shekara shida kawu ya saƙala masa gogen a ƙarƙashin haɓa, ya saurare shi, ya ce, "Waɗannan yatsu ba na kwando ba ne." Maganar da ta lalata mana yaro ke nan. Tun daga ranar Bashno bai ƙara ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba. A ce a ɗebo ruwa, sai ya ɗaga yatsu sama. A ce a kama bushiya don miya, sai ya ce ƙaya. Amma in ta nuna, yatsun nan su ne na farko a tukunya.

Yana ɗan saurayi kawu ya rasu. Aka yi yadda mu Manush, ƙabilar masu yawo da gidajensu, muke yi: aka ƙone keken da duk abin da ke ciki, aka daina kiran sunansa. Gogen ya tsira ne don tun yana da rai ya ba wa ɗansa. Sai dai akwai wani take mai sanyi da kawu ya fi ƙauna a duniya, shi ma ya bi shi, domin a wurinmu taken da mamaci ya fi so danginsa sun rufe shi ke nan, ba a sake kaɗawa. Shi ne kuwa taken da Bashno ya fi iyawa. Ya yi kukan uba, kuma ni da na san shi, na san har da kukan taken a ciki.

To, dangi ne mu masu yawa, kuma kowa da kunnensa. Kaka ta tafi da take ɗaya, ƙanen Bashno ya tafi da biyu, don shi ko a raye ba ya iya zaɓar abu guda. Sannu a hankali Bashno ya zama mai goge da ke tsoron yabo. In muna kiɗan biki ya hango wani tsoho ya lumshe ido yana gyaɗa kai, nan take sai ya canza take. Na taɓa jin sa yana ce wa wani baffanmu, "Baffa, don Allah kada ka so wannan da yawa, ka ga kana tari."

A gidajen shan gahawa na Strasbourg muka fara kiɗan jaz, inda mai goge yake sakin take ya yi yawonsa ya dawo. A cikin yawon nan hannun Bashno yakan kama hanyar wani rufaffen take bai sani ba, sai ya farga ya yi wuf ya kauce, kamar mai keke ya ga rami. Mutanen gari suka haukace a kan wannan kaucewar, suka ce sabon salo ne. Mu muka ce to. Ni da ke baya nakan san wanda ya kauce wa, wani lokaci har in ce a raina, Allah ya jiƙan kaka.

Matarsa ba zan kira sunanta ba, sunan ya tafi tare da ita. Ni dai matarmu nake ce mata. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, tana yawo gida-gida tana sayar da leshi da allura, kuma da cinikinta aka ci abinci a shekarun da goge bai kawo komai ba. Wata rana muna hanyar zuwa wani biki a Forbach a mota, tayar baya ta fashe. Ni da ita muka fito da jak, muka durƙusa cikin taɓo. Bashno ya duba yatsunsa, ya nemi dutse mai tsabta ya zauna, ya buɗe akwatin goge wai zai ƙarfafa mana gwiwa. A nan, yana kallon matarsa tana kokawa da noti, wani take ya sauko masa sukutum.

Ta ɗago kai, baƙin mai har goshi, ta ce, "Kai mai goge, in na gama da tayar nan kai zan kwance."

Masu faifai sun sa wa taken wani suna na soyayya da Faransanci, mu kuwa Tayar Baya muke ce masa. Shi ya fitar da mu daga hannu baka hannu ƙwarya. Ya kai mu Jamus, ya kai mu Holan, har wani taro kusa da Paris inda Bashno ya sayi takalmi fari da ja wanda har yau ba mu yafe masa ba. Da shekaru suka ja, yara masu saurin yatsu suka cika gari, masu gayyata suka rage kiranmu. Wanda duk ya kira, abu ɗaya yake tambaya kafin gaisuwa: za a kaɗa wancan? Tayar Baya ne abincinmu, kuma shi kaɗai ne babban taken da mutuwa ba ta taɓa ba, don Bashno ya yi ta gadinsa kamar kaza da ƙwai. Ba ya kaɗa shi a bikin dangi in akwai mai furfura a wurin.

Ɓarawon kuwa yana cikin gida. Kowa a zangonmu ya san matarmu tana son taken nan, don in tana shanya shi take rerawa ta hanci. Amma ka tambaye ta ka sha zagi. "Wannan? Ni da nake jin sa bayana ke ciwo." Mukan yi dariya mu bar kaza cikin gashinta, tunda lafiyarta ƙalau, ta fi mu duka ƙarfi, kowa ya ɗauka ita za ta binne mu.

Sai ga shi ciwo ya kama ta a kakar bara waccan. Aka kai ta asibiti, dangi suka cika farfajiya da motoci har ma'aikata suka gaji da mu. Da likita ya gama kewaye-kewayensa, ta ce a mai da ita gidanta mai taya, irin wanda mota ke ja, ba za ta mutu a ɗakin da ba ya motsi ba. Bashno ya rame, ya bar shafa shunin, ƙeyar nan ta yi fari fat cikin 'yan makonni. Ban taɓa jin tausayinsa irin na lokacin ba. Babu wanda ya yi maganar take a gabansa, amma kowa ya san in ta tafi da Tayar Baya, ta tafi da sana'ar mijinta.

Ita ma ta sani. Wata Lahadi da la'asar ta aika a kira Yaya Zuna, babbar yayar Bashno, wadda in ta yanke magana a zangon nan ta yanku. Ta sa aka kira ni, aka kira manyan dangi, muka cunkushe a gidan har wasu suka tsaya a bakin ƙofa. Tana kwance an lulluɓe ta da bargo mai furanni, ta ƙanƙance, amma bakin yana nan daram.

Ta ce, "Yaya Zuna, shaida na kira ku. Ku buɗe kunne, kada in tafi wani ya ƙaga mini ƙarya. Taken nan nasa na taya, na tsane shi. Tun ranar da aka haife shi na tsane shi."

Yaya Zuna ta ce, "Mun ji, ƙanwata."

Na ce, "Matarmu, ai kuwa na sha jin kina rera shi wajen shanya."

"Moro, kai da ka kurmance da jita me ka sani? Zaginsa nake yi ta hanci." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ci gaba, "In kuna neman abin da za ku rufe mini, ku rufe miyar kabeji. Ita nake so. Dama ba wanda ya iya ta sai ni."

Bashno yana zaune a bakin gado, ya ce, "Tsohuwa, ki huta haka nan."

"Zan huta har in gaji. Ɗauko gogenka ka kaɗa shi yanzu a gabansu, su ga yadda yake ɓata mini rai, kada gobe a ce baki kawai na yi."

Ya dubi yayarsa, ta gyaɗa masa kai. Na ɗauko jita na raɓe a bayansa kamar kullum. Ya fara a hankali, ba irin yadda yake yi wa mutanen gari ba, babu yawo, babu kauce-kauce, taken tsura yadda ya sauko masa a gefen hanya. Matarmu ta yi kicin-kicin da fuska, ta juya wa bango, har da tsaki. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, in ba ta haƙƙinta. Sai da muka kai tsakiya, inda taken yake ɗagawa, na ga bargon yana motsi ta wajen ƙafa. Babban yatsanta ne yake bin kiɗan, bugu bayan bugu, ko kuskure babu.

Yaya Zuna ta ga wani abu a rufin ɗakin da ya ɗauke mata hankali. Wani baffa ya shiga neman hularsa alhali tana kansa. Na bakin ƙofa suka juya suna duba ko za a yi ruwa. Ni ma na duƙufa a kan jitata kamar ranar na fara koyo. Bashno ya kai taken har ƙarshe, ya sauke gogen a cinya.

Ta ce, "Kun dai gani. Ko daɗi babu."

Yaya Zuna ta ce, "Mun gani. Babu daɗi."

Ba ta kai Kirsimeti ba. Aka ƙone gidan da bargon da akwatin leshinta. Bayan an share makoki Yaya Zuna ta tara mu ta yanke hukunci: miyar kabeji an rufe, Tayar Baya a buɗe yake, kowa ya ji da kunnensa. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Ta bar maka abincinka, sai ka ci." Bashno ya ce ya gode.

Da bazara aka gayyace mu wani taro a Colmar, wuri mai kyau, da rana tsaka a filin gari, irin kiran da muka daɗe ba mu samu ba. Mai taron ya tambayi abin da suke tambaya, ni na amsa masa da bakina na ce za a kaɗa. Bashno ya yi kiɗa ranar kamar yaro, yana kauce wa matattunsa ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ta tafi. Da muka zo ƙarshe suka fara kiran taken da sunansa na Faransanci. Na gyara zama, na ba shi bugun shiga. Bai shiga ba. Na sake ba shi. Sai ya matsa kusa da lasifika ya ce, "Ku yi haƙuri, tsufa. Na manta shi."

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne, suka ƙara kira. Ya rusuna musu, ya sa gogen a akwati.

A mota na kasa haƙuri. Raina ya ɓaci, don na san mai taron ba zai ƙara kiranmu ba, kuma zai gaya wa sauran. Na ce, "Ɗan'uwa, wace irin mantuwa ce wannan? Baiwar Allah ta tara dangi tana numfashi da ƙyar don ta bar maka shi. Yaya Zuna ta buɗe. Dukanmu mun ji abin da ta faɗa."

Yana kallon hanya, akwatin gogen a kan cinyarsa.

Ya ce, "Ku kun ji bakinta, Moro. Ni ƙafarta na gani."

Haka muka isa zango. Yanzu bukukuwan dangi muke yi da ɗan abin da ya samu, kuma rabon Bashno da ya kaɗa Tayar Baya tun waccan Lahadin.