Kiran da Kyalla Take Jira

Ina ɗakin bincike a Kano, hannuna cikin safa, sai waya ta yi ƙara. Ƙanena Sale ne, wanda ke zaune a gida Farin Dutse. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika bayan azahar, muna asibiti a Birnin Kudu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na cire safar, na rasa inda zan ajiye ta.

Mahaifinmu Malam Umaru makiyayi ne da ya zauna wuri ɗaya ya haɗa da noma. Idan shanunsa suka taɓa dawar wani, kafin mai gona ya kawo ƙara, Baba ya riga ya isa ƙofarsa da dami a ka. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa saniya sanda ba. Yakan ce, "Duk wanda ya daki dabba, magana ce bai iya yi mata ba." Shi kuwa ya iya. Yana da wani kira da yake yi da yamma, wanda babu kalma a cikinsa. Yakan faro shi ƙasa-ƙasa, ya ɗaga, sannan ya karya shi a ƙarshe, sai ka ga shanu suna dawowa da kansu. Ina yaro na iya kiran nan tsaf, don ni na bi shi daji kafin boko ya ɗauke ni.

Likitan ɓeraye yake ce mini, saboda da ƙwaƙwalwarsu nake aiki. Wata sallah ya zaunar da ni ya ce in gaya masa abin da nake nema a kan ɓera har na bar shanu. Na ce masa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna miƙa wa juna saƙo ta wasu 'yan mahaɗai. Idan ana yawan bin mahaɗa ɗaya, sai wani sinadari da muke kira enzayim ya farka ya ƙarfafa ta, abin ya zauna wa mutum a kai. Akwai kuma wani enzayim ɗin da aikinsa sassautawa, yana kwance abin da aka daina amfani da shi. Baba ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To kai, wanne ya fi ƙarfi a kanka, mai ɗaurewa ko mai kwancewa?" Dariya kawai na yi.

Bayan jana'iza sauran shanun suka bi Sale da ƙyar, ban da Kyalla, tsohuwar saniyar da Baba ya fi so. Da yamma sai ta tsaya can gefen garke ta ƙi matsowa, ga shi ba ta cin abin kirki. Sale ya ce, "Yaya, ni gona na sani, kai ka bi shi kiwo. Ka kira ta. In ba ta amsa wa kowa ba, dole mu kai ta kasuwa kafin ta faɗi."

Na tsaya a gaban 'yan zaman makoki, na buɗe baki. Wallahi abin da ya fito ko kusa bai yi kama da kiran ba. Na sake gwadawa, na nemi farkonsa na rasa. Kyalla ko kunne ba ta kaɗa ba. Kunya ta rufe ni, kuma har yau ba ta sake ni ba. Dabba ta riƙe muryar ubana, ni ɗansa na fari na bar ta ta zube. Na san sunan sinadarin da ya yi wannan aikin a kaina, ina koyar da shi ma a aji, amma sanin bai rage mini komai ba.

Inna tana takaba, ba ta fita. Ta aiko aka kira ni ɗakinta, ta ce, "Zauna, likitan ɓeraye." Sai ta rage murya ta yi kiran, daga farko har inda yake karyewa. Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ban taɓa yin sa ba fa. Kullum ina tuƙa tuwo nake jin sa. Maimaita."

Na roƙi Sale ya ɗaga mini ƙafa har Inna ta fita takaba. Duk ƙarshen mako ina zuwa gida, ta yi in maimaita, sannan in fita garke in gwada. A zuwana na baya Kyalla ta ɗago kai. Amma ba ni ta duba ba, bayana ta leƙa, wajen ƙofar da Baba yake fitowa, sannan ta mai da kanta ƙasa.

Baba, ga amsar tambayarka: mai kwancewa ne ya fi ƙarfi. Ka yafe mini, ina nan ina sake ɗaurewa.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa dabbobin da ke hannunsa. Allah Ya ba Inna haƙuri da tsawon rai, Ya ƙarfafa Sale da ya ɗauki gidan. Ranar da za a kira mu kuma, Allah Ya sa mu gane kiran, mu amsa. Amin.