Kunnen Saje Bawa

Duk wanda ya san yayana Saje Bawa ya san gashin kazar da ke maƙale a hularsa. Da shi yake sakace kunnensa na hagu, a kasuwa, a coci, har a gaban tuwo. Kunnen na zubar da mugunya tun muna noman golmo, wanda samari ke yi wa surukai don neman aure, kafin ya shiga soja. Saboda wari, bencinsa a coci nasa ne shi kaɗai. Ya ce ko Fasto bai samu fili haka ba. Idan matarsa ta fara faɗa, sai ya juya mata hagun ya ce ta ci gaba.

Maganinsa kafso ne, ja da rawaya, daga wani kemis a Rikoto. Ya haɗiyi biyu, ya fasa ɗaya ya zazzaga garin a kunne, sauran ya ɓoye a gwangwanin taba sai baɗi. Mai kemis da kansa ya roƙe shi ya riƙa shanyewa. Saje ya ce soja ba ya ƙarar da harsashi a kan ɓera.

Da bakinsa ya fara karkacewa, ɗiyarsa ta ja shi asibiti, na bi su. Aka dangwali mugunyar da auduga aka kai ɗakin gwaji. Da muka koma, likita ya ce an gwada ƙwayoyin cutar da magunguna iri-iri, sun saba da kusan duka. Allura ɗaya ta rage da suke ji. Ya ce shan rabi-rabin nan ne ya horar da su.

Saje ya murmusa da gefen bakin da ke motsi. "Ai ni na ba su horo, likita. Yaran Saje ba su gudu."

Muka yi dariya. Likita bai yi ba.

Allurar ta makara, ciwon ya riga ya haura kai. Na binne mutane da yawa, ban taɓa jin tsoro irin na ranar da ya cika ba. Wuyansa ya sandare. Rana tsaka ya damƙe hannuna, ya ce, "Ƙane, wa ya kashe fitila?"

Bana nawa kunnen ya fara ruwa. An dangwala, ina jiran sakamako, tuwo ba ya wuce mini.

Allah ya hutar da kai, Yaya. Ka sha wuya, ka ba mu dariya. Ni kuma, Allah ya sa a iske da sauran maganin da ƙwayoyin cutar kunnena ke ji.