Inna Tani da aguwar burtali

Ku yi mini haƙuri 'yan uwa, ban saba cika muku waya da dogon rubutu ba. Yau dai dole ce ta sa.

Da safen nan ina shanya wanki Zali ta kira ni daga gida. Ko gaisuwa ba ta ƙare ba ta ce mini Inna ta rasu, an yi mata sutura tun jiya bayan la'asar, rashin rezon waya ne ya hana ta samuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna Tani nake nufi, mahaifiyar Zali, ta Tungar Aguwa. Ba ita ta haife ni ba, ba mu haɗa jini ba. Ita ɗiyar Kurfeyawa ce manoma, ni jikar makiyaya ce. Amma tun ina ƙarama Inna nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba sai Bafillata mai allo.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Abin da ban gani ba zan faɗe shi yadda na ji daga bakinta, ba ƙari.

Wanda ya taɓa bin hanyar Filinge ya san yadda ƙasarmu take. Sama tudu ne, fako da jan dutse, ruwa ba ya kwana a kansa. Ƙasa dallol ne, kwari mai faɗi, rairayi da gawo da goriba, ruwa kusa da hannu. Da damina ciyawa tana tudu, rijiya tana kwari, gonaki suna tsakani. Saniyar da za ta sha ruwa sai ta ratsa gero.

Duk zamanmu da juna a kan wannan ratsawar yake.

Inna ta ce tana yarinya, zamanin Nasara, gab da tafiyarsu, babanta Bawa ya taso da ƙannensa daga tsohon garinsu da ke bakin hanya. Gonakin can sun gaji, kuma duk sanda kumandan ya nemi mutanen aikin hanya, daga ƙofarsu ake fara ɗiba. Sunka gangaro dallol da jakai da iri, sunka kafa bukkoki inda babu kowa sai zabin daji.

Rijiyar farko da sunka gina ruwan kanwa ta ba su. Ta biyu ma haka. Ta ce in an dama fura da shi, yara su yini riƙe da ciki. Har mata sun fara ɗaure kaya za a koma.

Kakana Buba yana wucewa da shanu ta wurin kowane rani. Ya tsaya yana kallonsu suna fid da ƙasa. Daga baya ya ce wa Bawa ya san gindin wani gawo inda shi da ƙwarya yake tono ya sha ruwa mai daɗi. Zai nuna musu, amma a bar wa shanunsa hanya daga tudu har bakin ruwan, rani da damina, ga ɗa ga jika.

Bawa ya ce ya yarda, faɗin hanyar nawa?

Kakana ya ce, “Ni ban sani ba. A tambayi shanu.”

Haka kuwa anka yi. Anka hau tudu da garken, anka sake shi da ƙishirwa, ba mai sanda gaba, ba mai sanda baya. Mata da 'yan mata sunka biyo su ɗauke da dammunan aguwa, itacen shingen nan mai farin ruwa. Inda kofato ya taka dama, a kafa aguwa. Inda ya taka hagu, a kafa aguwa. Inna tana cikinsu, ta ce damin ya fi ta tsawo.

Shi ya sa burtalinmu ba ya miƙe. Yana kauce wa suri, yana buɗewa a inda shanun sunka tsaya lasar ƙasa, yana matsewa a gangaren dutse. Baƙo ya gani ya ce wa ya auna wannan? Inna takan ce wadda ta auna tana da ƙafa huɗu, a je a yi shari'a da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, Bawa Azne ne, addinin kakanni yake yi. Ranar da ruwa ya ɓullo ya yanka baƙar akuya a bakin rijiyar. Kakana ya kora shanunsa nesa, ya ba wurin baya. Washegari ya dawo ya jawo guga ya yi alwala, ya yi sallarsa a gindin gawon, Bawa kuma ya hana yara hayaniya har ya sallame. Ba wanda ya ce wa ɗan uwansa komai.

Daga nan gari ya fara. Zabarmawa sunka zo daga wajen Damana sunka zauna kudu da rijiya. Buzaye daga wajen Bonkuku sunka kafa nasu ta gabas. Namu da ke sauka a kan burtali su tashi, a hankali sunka gina ɗakuna, sunka koyi riƙon hauya. Fatake masu zuwa kasuwa sunka riƙa cewa mu yada zango a tungar nan mai aguwa, suna ya bi ta. Yau muna cikin komin, wato ƙaramar hukuma, ga lakwal ta boko, ga pompon ruwa, amma har gobe shanu rijiyar gawo suke sha.

Aguwa tana mutuwa, kamar kowa. Gara ta ci wata, iska ta kayar da wata, wani ya sare ya kai shingen gidansa. Saboda haka kowace bazara, kafin ruwan farko, mata ke fita su toshe giɓi. Tun da na yi wayo Inna ce a gaba.

Ita ta koya mini. A yanko reshe, a aje shi a inuwa har farin ruwansa ya bushe, sannan a kafa shi cikin busasshiyar ƙasa, kada a ba shi ko ɗigo. In damina ta iske ya zauna, ya kama ke nan. In anka bari sai ruwa ya sauka, ruɓewa yake, sai kuma wata shekara.

Ranar fitata ta farko na shafa ido da hannu mai ruwan aguwa. Wanda ya taɓa yi ya san azabar. Inna ta goya ni, ga ni ƙatuwa, ta ruga da ni rugarmu, ta sa anka tatso madara ta wanke mini. Tana wankewa tana faɗa, wai Bafillata ko kuka za ta yi sai an kawo mata nono.

Da mahaifiyata ta rasu, tuwon gidanmu daga tukunyarta yake fitowa har munka share makoki. Ba ta taɓa tuna mini ba.

Ta fara salla da girmanta, ni na biya mata Fatiha da ƙananan surori, ina budurwa, ita tana da jikoki. In ta yi kuskure na gyara sai ta harare ni, ta ce yaron yau ba kunya, sannan ta sake. Ba ta bari ba sai da ta iya. Na faɗi wannan don na san akwai masu tambaya a zuci. Ni shaida ce, Inna ta mutu da goshinta a ƙasa.

Abu ɗaya munka daɗe muna ja. Tana da al'adar zuba ruwan gumba a gindin reshen farko, yadda ta ga uwarta tana yi. Na ce mata Inna wannan ki bar shi, Bismillah ta isa. Shekarar farko ta ƙi. Ta biyu ta yi Bismillah ta kuma zuba. Ta uku ta sha gumbarta da kanta ta yi Bismillah ta kafa. Da aguwar ta yi ganye ta kira ni ta nuna mini, ta ce to ga shi, ta Malama ma tana kamawa.

Shekarun nan masu fita sun ragu. Wasu aiki ya yi musu yawa, wasu kuma an ce musu dashen aguwa al'adar Azna ce, sai sunka janye ƙafa. Ban ga laifinsu ba, kowa tsoron Allah yake ji. Amma inda aguwa ta faɗi, hauya takan matso, saniya ma takan matso. Bara shanu sunka shiga ta wani giɓi sunka ci geron jikan Inna. Samari sunka ɗauko sanduna, nasu da namu, yaran da sunka yi lakwal aji ɗaya. Allah ya sa tsofaffi suna kusa. Kun san irin lokacin da muke ciki, ba kowace wuta ce ake kashewa da tofi ba.

Watan jiya na je gida suna. Na iske ta bayan ɗakinta zaune a tabarma, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, tana lalube da wuƙa tana yankan aguwar shingenta. Na ce Inna ki huta mana. Ta ce hutu yana nan tafe, ba sai an aika masa ba.

Ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko har yanzu a Yamai sayen ruwa muke kamar marasa kaka. Sannan ta aje wuƙar.

Ta ce, “Bafillata, bana ke za ki shiga gaba.”

Na ce Inna ga Zali, ga matan jikokinki, ni da ke zaune birni?

Ta ce, “Zali ɗiyata ta, jikar Bawa ta. In ta ɗauki dami cewa za a yi tsafin kakanta take. Ke kin yi karatu, kowa ya san allonki. Kuma shanun naku na. In ke kika duƙa kika kafa, wa ka cewa mi?”

Ban taɓa duban abin ta nan ba.

Ta ce, “Kakanki ya ba da ruwa, ubana ya ba da hanya. Su duka sun tahi. Aguwa ta mata ta.”

Na ce in Allah ya yarda. Ta ce Allah ya daɗe da yarda, ni take tambaya. Munka yi dariya, na ce na ɗauka. Ta sa Zali ta ƙulla mini garin ɗanwake da kuka. Ganina da ita ke nan.

Da na dawo ban tsaya kan ra'ayina ba, na je na tambayi malamina, na zayyana masa komai har akuyar Bawa da gumbar Inna. Ya ce abin da ya wuce ya wuce da masu shi. Gyara hanya don dabba ta sha ruwa, da raba maƙwabta da faɗa, aikin lada ne, a yi shi da sunan Allah. Saboda haka 'yan uwana mata da kunka janye, ku dawo da zuciya ɗaya. Abin da na tambayo ke nan, na kuma isar.

Da safe, bayan mun gama kukanmu, Zali ta ce mini dammunan da Inna ta yanka suna nan a inuwa bayan ɗaki, ruwansu ya bushe, sun isa dashe. Ta ce kuma gawon rijiya ya fara zubar da ganye, jiya har an ga hadari ta gabas. Ɗan dallol ya san abin da wannan ke nufi. Lokaci ya matso.

Gobe in sha Allahu zan kama hanya. Mun shirya da Zali, ranar addu'ar bakwai, da an shafa fatiha, za mu hau tudu mu gangaro da burtali har rijiya. Ni zan kafa reshen farko da Bismillah, daga cikin waɗanda ta yanka da hannunta. Giɓin da yawa, mu biyu ba za mu iya ba. Amma na san mutanen garinmu, ban taɓa ganin an kira su don Inna sun noƙe ba.

Allah shi jiƙan Inna Tani, shi gafarta mata, shi haskaka kabarinta, shi shayar da ita daga tafkin Annabi yadda ta tsare wa dabbobi hanyar ruwa. Allah shi ba Zali da 'yan uwanta haƙuri, in tamu ta zo shi sa mu cika da imani. Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya sa ta cikin addu'a.

'Yan Tungar Aguwa na Yamai da Filinge da Bonkuku da Damana, na gona da na ruga, wadda za ta zo ta rubuta mini a ƙasa, wanda zai turo matarsa ko ɗiyarsa ya faɗa. Ku taho da wuƙa da tsumman ɗaure hannu. Ku amsa mini yau ko gobe don in san yawan damin da za a ƙara yanka, ruwa ba zai jira mu ba.