Ɗan Ɓauna a Cikin Waya

Har gobe ba zan manta da ranar da muka ceto ɗan ɓauna a Amurka ba. Lokacin ina mataimakin likitan dabbobi, aikina riƙe dabba da yin allura bisa umarnin likita. Ofis ya tura mu kwas can, ni da shugabata Dakta Rabi.

Ranar Asabar wani dattijo ɗan ƙabilar Lakota, waɗanda ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa, ya ɗauke mu yawo a motarsa. Sunansa Joseph, muka mayar da shi Baba Yusufu. Shi ke kula da garken ɓaunar mutanensu, irin ta can mai yawan gashi. Hanya tana hawa tana gangara cikin tuddai, ciyawa shar iya ganinka, ba duwatsu irin na Kufena da ke garinmu. Ya ce kakanninsa daga ɓauna suke samun ci da sutura da ɗaki, shi ya sa suke kiran ta 'yar'uwa.

Muna shan wata kwana sai ga ɗan ɓauna ƙafarsa ta sarƙe a wayar shinge, jini na zuba, uwar tana huci tana kewaya shi. A ƙa'ida masu bindigar sa barci ake kira, amma Baba Yusufu ya ce kafin su iso ƙafar ta lalace.

Dakta ta dube ni. "Malam Sani, za ka iya?"

"Ranki ya daɗe, ai ɗan maraƙi ne ya sa bargo."

Baba Yusufu ya gitta mota tsakaninmu da uwar. Na cire hulata na rufe wa ɗan idanu, na danne shi yadda Fulani suka koya mini. Dakta ta datse wayar ta wanke ciwon.

Muna sakin sa muka faɗa mota. Ya ɗingisa wurin uwar, ita kuma ta huce haushinta a kan hulata da na bari a ƙasa, ta tattake ta sarai. Baba Yusufu ya yi dariya har da hawaye, ya cire malafarsa ya ɗora mini.

Malafar tana nan a gidana a Ƙofar Kibo, maiɗakina ta hana ni zuwa masallaci da ita. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku raina abin da makiyayi zai nuna muku a ruga. Da shi na fita kunya a ƙasar mutane.