Butar da Ba Ta Tafasa

Umma ta ƙone ƙafarta ne da asuba, wajen juye ruwan zafi daga butar lantarki zuwa butar alwala. Hannunta ya daɗe yana rawa, ga ciwon gaɓoɓi da ba ya shiri da ruwan sanyi, don haka kullum sai ta tafasa ta sirka. Ran nan butar ta kufce mata. Ina tsaye a wani shago a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwa a birnin Guangzhou, ina yi wa wani Alhaji ɗan Maraɗi cinikin labule, ƙanwata ta turo min hoton daga Kano. Ban san lokacin da na saki labulen ba.

Ƙunar ta warke, amma aka kafa mata doka: ita da ruwan zafi har abada, duk asuba sai ta tashi wani ya sirka mata. Matar da ta yi wa rabin matan layinmu wankan jego, yau ita ce ke ƙwanƙwasa ƙofar jikarta a hankali kamar mai roƙo. Wani lokacin kunya ta hana ta, ta yi da ruwan sanyi, yatsunta su wuni a sandare. Wannan ya fi ƙunar ƙona min rai.

Karatu ne ya kawo ni Guangzhou, ciniki ya riƙe ni, ina raka 'yan kasuwarmu ina yi musu tafinta. Na ce in dai akwai butar da ke ɗumama ruwa ta tsaya a nan, to a garin nan take. Na shiga shaguna har ƙafata ta kumbura. Ga ta gilashi, ga ta ƙarfe, ga mai shuɗiyar fitila. Da na ce ina son wadda ba ta tafasa, sai a kaɗa min hannu a ce "meyo", wato babu. Wani ma ya dube ni kamar na nemi motar da ba ta tafiya. Akwai ta haɗa madarar jarirai, tana riƙe ɗumi, amma nauyi gare ta, ga baki wangame, kafin ka wanke fuska ruwan ya ƙare.

Ni kuwa naci a nono na sha shi. Aka kwatanta min wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, na je na sami mai ita, wani dattijo mai sanƙo da tabarau a goshi.

"Laoban," na ce, haka muke kiran mai gida da yarensu, "buta nake so mai ɗumi kawai."

"Tururi ne ke sa buta ta kashe kanta," in ji shi. "Ba tafasa, ba tururi, ba kashewa."

Da ya ga ban motsa ba sai ya yi dariya, ya ce butocin lantarki na farko, ƙarfen zafinsu a wani gurbi daban yake a ƙarƙashi, ba ya taɓa ruwa, ga jinkirin tsiya. An sha fama kafin a koya wa buta sauri, ni kuma na zo ina so ya mayar da ita baya.

"Bayan nake so," na ce. "Wuta kaɗan, yadda ko solar gidanmu za ta ɗauka."

Ya yi ta farko da irin na'urar butar jarirai a gindinta. Ɗumin ya yi daidai. Amma bakin gajere ne mai faɗi, irin na zuba shayi. Na ce ba ita ba ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ruwa yana zuba. A nan raina ya ɓaci, don na lura duk bayanin da nake yi, shi a ransa shan ruwan za a yi.

Na zaro butata ta roba daga jaka, wadda ba na fita babu ita. Na cika ta a famfo, na fita tsakar masana'antar, na tsuguna, na cire takalmi da safa. Ma'aikata suka bar aiki suka zuba min ido, ko a jikina. Na ajiye butar a ƙasa, na karkata ta da hannu ɗaya, siririn ruwa ya sauka a tafin ɗayan. Na wanke hannu, na wanke ƙafa har idon sawu, ina bi tsakanin yatsu. Sannan na sake, ina karkaɗa hannuna yadda na Umma ke yi.

Dattijon ya tsuguna kusa da ni, ya karɓi butar, ya gwada a hannunsa. Ya juya ta, ya shafa dogon bakin, ya auna mariƙin da ke sama.

"Mamarki?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

"Bar min wannan."

Ranar da ya kira ni, na tarar da ita a kan teburinsa: roba mai ruɓi biyu don kada jikinta ya yi zafi, ba nauyi, dogon baki sak na tamu, ana ɗaga ta daga gindinta babu waya a jiki. Muka kunna muka jira, ta kashe kanta, na zuba a bayan hannuna. Ɗumi, irin na wankan jariri. Wallahi ban iya riƙe kaina ba, na rangaɗa guɗa a tsakiyar masana'antar mutane, har wata mata ta yar da abin da ke hannunta.

Wata Hajiya mai saro atamfa da za ta koma Kano ta saka min ita a jakar hannunta, ta kai wa Umma. Bayan 'yan kwanaki, ina cin abincin rana a Xiaobei, a can gida kuwa an idar da sallar asuba, sai ga kiran bidiyo daga Umma, ta kanga wayar har ba na ganin komai sai goshinta.

"Ke, wannan butar taki nawa gare ta, kamar mai ita."

"Umma, da gangan aka yi ta haka."

"To na ji." Sannan ta rage murya don kada ta farkar da 'yan gida. "Yau ban tashi kowa ba."