Jujin Gidanmu

Shekarun baya, da na ajiye aiki na dawo gida gaba ɗaya, na dawo da akwatunan tsaraba, da hawan jini, da wani sabon ra'ayi a kan shara. Tsarabar an rabe ta a mako guda, hawan jinin yana nan muna tare. Ra'ayin ne zan ba ku labarinsa.

Sai na fara da yadda gidanmu yake, don yaran yanzu ba su riski abin ba. Gidanmu na gado yana cikin wani lungu a Ƙofar Mazugal, babban gida ne mai sassa da yawa. A can ƙurya akwai wani kango, nan ne jujin gida. Duk abin da aka share nan yake ƙarewa: tokar murhu, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin awaki daga turke, guntun tabarmar da ta mutu. Babu abin da ƙasa ba za ta iya cinyewa ba a cikinsa. In rani ya yi nisa, sai wani manomi daga wani ƙauye ta wajen Ungogo ya zo da jakunansa, ya yi ta jigila da mangala har ya kwashe jujin tas, ya kai gonarsa ya zama taki. In kaka ta yi, jakunan su dawo mana da damman gero da wake da harawar awaki. Ba ciniki ba ne, ba wanda ya taɓa auna komai. Kakansa ya kwashi jujin kakana, ubansa ya kwashi na ubana. Shi kuwa sa'ana ne, tare muke rigimar hawa jaki muna yara.

Aiki ya yi yawo da ni. A Jamus wata tsohuwa maƙwabciyata ta taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta wanke ni tas da Jamusanci don na jefa ɓawon ayaba a inda ake jefa roba. A Alƙahira na ga masu bi gida-gida suna karɓar shara, su je su tsince ta da hannu. A Indiya na ga mata suna mulmula kashin shanu suna manna shi a bango ya bushe. A kantunan Turai kuma na ga an ware sashe guda na abincin da aka noma ba takin zamani, ba feshi. Oganik suke ce masa, kuma sai mai hali ke kusantarsa. Wata rana na tsaya gaban ɗan kwalin gero a irin wannan sashe, na ce a raina, ashe tuwon da mahaifiyata ke ɗura mana muna kumbura baki abincin attajirai ne.

Da likita ya ce in kula da abin da nake ci, geron ƙauyen nan na fara tunawa. Na tambayi yayata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, kuma ita ke riƙe da gidan.

“Yaya, mutuminmu na Ungogo yana zuwa kuwa?”

“Ai ya daɗe da ɗauke ƙafa. Ba faɗa, ba sallama. Wata shekara kawai muka ga bai zo ba.”

“Ba ku aika ba?”

“Mu aika mu ce me? Zo ka kwashe mana shara?”

Na shirya na tafi ƙauyen. Na same shi ya tsufa fiye da ni, ya rame, amma dariyarsa tana nan. Aka dama fura, muka gaisa har muka gaji. Da na kawo maganar zuwansa birni, sai ya ɗauki fartanya ya ce, “Alhaji, zo mu taka.”

A tsakiyar gonar ya sunkuya ya sara ƙasa. Leda ta biyo bakin fartanyar. Ya matsa gaba ya sake sara, wata ta fito, baƙa, ta kanannaɗe da saiwar dawa. Ledar fiya wata, guntun silifa, mataccen batir. Duk inda ya sara sai ya ci karo da wani abu.

“Wannan duk ta gidanku ce,” in ji shi. “Ban faɗa don in ɓata maka rai ba.”

Ya ce ruwa ba ya shiga ƙasar yadda ya kamata, saiwa kuma in ta tarar da leda sai ta lanƙwashe. Ya ce ya daɗe yana ganin jujin yana sauyawa, amma ya ci gaba da kwasa shekara da shekaru. Na ce me ya hana shi magana.

“Haba Alhaji. Gidan da ubana ya shiga da sallama, ni zan tsaya a soro in ce jujinku ya lalace? Da wane bakin?”

Abin da ya tsayar da shi san huɗarsa ne. San ya daina cin abinci, ya yi ta ramewa har aka yanka shi. Mahauci ya zaro wani curi daga tumbinsa kamar kan mutum, leda ce zalla ta murɗe. Daga nan 'ya'yansa suka sa shi gaba, ya daina zuwa. Suka koma takin zamani, in an samu. Ya ce ƙasar ta zama kamar majinyaci, in ba a ba ta magani ba, ba ta tashi.

Ni kuma da zafin kan wanda ya ga duniya na ce, “Malam, in na tara maka juji mai tsabta irin na da, za ka dawo?”

Ya yi dariya. “A birni?”

“A gidanmu.”

“In ka tara, ko jakin aro ne zan zo da shi. Akwai 'yar gona a bayan gida da ban taɓa zuba mata na birni ba. Ita zan ba.”

Na dawo na sa aka kwashe kangon har ƙasa. Na sayo rabin duro na ajiye a bakinsa, na tara mutanen gida na yi musu lacca: leda da roba da kwalba a duro, abin da ƙasa ke ci a juji. Suka saurare ni da ladabi, ina juya baya aka fashe da dariya. Kafin mako suna ya bi ni, Baturen Shara. Matar ƙanina takan ɗaga 'yar ledar dunƙule ta ce, “Baba Alhaji, wannan fa, ita ma an gina mata ɗakinta?” Yayata ta fi kowa. Takan ce, “Mutum ya zaga duniya, ya iya yare kala-kala, abin da ya kawo mana tsintar bola.”

Ban fasa ba. Kullum in na dawo daga masallaci da safe sai in bi ta kangon da sandata, in tsince abin da aka jefa bisa kuskure ko bisa gangan. Na koma zuwa kasuwa da kwando, mai nama yana zuba mini a kwano yana tambaya ko leda ma an gano tana karya alwala ne. Aka koma yin alala a gwangwani. Toka ta yi ƙaranci don yawancin sassan sun koma gas, awakin ma ba su kai na da ba, saboda haka jujin a hankali yake tashi. Amma ya tashi. Ya yi baƙi, ya yi laushi, in ka tona sai ka ji ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Ranar da yayata ta ji ƙanshin nan sai ta ce, “Haka na Inna yake.” Daga ranar ta karɓe gadin daga hannuna, kuma ta fi ni zafi. Wanda duk ya jefa leda a juji sai ya ji sunan kakansa.

Da bazara ta kusa, na aika wa mutumin cewa ya zo bayan bikin 'yar ƙanina, kafin ruwa ya sauka. Ya aiko cewa ya samu jakin aro.

Kun san yadda biki yake a cikin gari, maza sukan bar wa mata gida. Na koma wajen wani abokina a Dukawuya na 'yan kwanaki. Gida ya cika da dangi daga kowace unguwa, aka yi ta rabon abinci a robobin tekawe, ga fiya wata buhu-buhu, ga lemon roba. Ranar kai amarya yayata ta bi ayari, don ita ce uwar biki. Dangin da suka rage suka ga bai kamata su bar mana gida kaca-kaca ba. Suka share shi lungu da saƙo, suka kwashe sharar suka kai inda kowace mace a garin nan ta san ana kai shara. Da ta yi tsiri, wata ta cinna mata wuta don ta ragu, kamar yadda kowa ke yi.

Tun daga bakin lungu na ji warin. Na tarar da yayata a kangon da bokiti a hannu, zaninta ya jiƙe, hayaƙi yana tashi kaɗan-kaɗan.

“Na je kai amarya ne, Alhaji,” in ji ta.

Na sa shebur na tona. Robar ta narke ta bi cikin takin kamar kwalta, ta daskare curi-curi har ƙasa. Da leda ce kawai da mun zauna mun tsince. Wannan kuwa ba ta tsintuwa. Kuma ba wanda zan yi wa faɗa, don kirki suka yi mana.

Ban kai ga aika wa mutumin namu na Ungogo ba, washegari da hantsi na ji sallamarsa a soro. Ga jaki, ga mangalar da aka yi wa sabon faci. Ya yi mana barka da biki, ya ja jakin zuwa kangon kamar jiya ya bar hanyar. Ya tsaya ya duba. Ya tsuguna ya ɗauki curi ɗaya, ya matsa shi da yatsa, bai fashe ba. Mata suna leƙe ta bakin sassansu.

“Ba komai, Alhaji,” in ji shi. “Ai wuta ta ci mafi yawa.”

Ya gyara wa jakin mangala, ya ɗauki shebur ya fara zubawa. Na tsaya ina kallon tsohon nan yana loda abin da ya san zai kashe masa gonar da ta rage, don kawai kada ya kunyata mu a gaban matan gida. Na kama ƙotar shebur ɗin.

“Malam, ajiye.”

“Na riga na zo, Alhaji. Jaki ya shigo gidan nan ya fita ba kaya? Ba a taɓa yi ba.”

“Yau za a yi.”

“Mutanen lungu za su ce na raina ku.”

“Su ce. Ni na kira ka, ni kuma na hana ka. In ka zuba wannan a bayan gidanka, ban yafe wa kaina ba.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki. Ya sauke mangalar ya zazzage abin da ya zuba, ya kakkaɓe ta sosai, ya naɗe. Yayata ta ɗebo masa dubulan da cincin na biki, ta tsaya tana neman abin da za ta ƙunsa. Duk inda ta kai hannu leda ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wankakken kallabinta ta ƙulle masa a ciki.

Na raka shi har ƙofar gari, jakin yana gaba yana tafiya sakayau. Ya ce Allah Ya bar zumunci, na ce amin.

Na so in sake gwadawa a shekara ta gaba, ya aiko cewa ƙafa ta ƙi, jakin aro ma ya yi wuya, ana ta kwashe su saboda fata. Na je gaishe shi wasu lokuta, amma hirar ba ta nisa. In an gama tambayar iyali da damina sai mu yi shiru. Ashe jujin ne yake kawo mana abin faɗa. Da ya rasu, 'ya'yansa ba su san lungun da za su aiko ba. Sai bayan an share makoki na ji a bakin wani mai itace.

Har yau in na tuna, ba hayaƙin ne ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne, a ƙasashen da na zauna mutane suna ta wahala da dokoki da durorin shara masu launi don su gina abin da mu muka gada a banza. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni, kuma mutane biyu suna gaisawa a tsakani. Ba mu taɓa sa masa suna ba, shi ya sa da ya mutu ba wanda ya lura, balle a yi ta'aziyya. Na kuma gane cewa gida ɗaya ba ya tsabtace jujinsa shi kaɗai a garin da kowa ke sha a leda. Ina zuwa kasuwa da kwandona har yanzu, amma na daina yi wa kowa lacca.

Sharar gidanmu yanzu masu baro ke kwashewa, ban san inda suke kai ta ba, kuma ina tsoron tambaya. Yayata ta tsufa ƙwarai, da ƙyar take sunkuyawa. Amma kwanan baya na same ta da safe a bakin kangon, ta zuba tokar gawayi da ɓawon albasa a gefe guda, tana cire 'yar leda daga ciki da yatsu.

Na ce, “Yaya, wa kike tara wa?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ba kowa. Hannu ne ya saba.”